Mai Sallama a Ɗakin Famfo

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: ni ne mutumin nan da ya taɓa yi wa kwamfuta sallama, ya tsaya yana jiran ta amsa, da ta yi shiru kuma ya ji haushi ya ce ba ta da tarbiyya. Duk Mabai an san wannan, har yau in na ratsa ta bakin masallaci ba na rasa shaƙiyyin da zai ɗaga murya ya tambaye ni ko ta amsa. To kun ji irin mai ba ku labarin. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi, rubutuna kuwa kamar kaza ta bi ta cikin toka. Amma wallahi tallahi abin da zan faɗa maku ya faru da ni, ido biyu, rana na bisa kai, ban sha komai ba in ban da kunun safe, kuma ba ni kaɗai na gani ba.

Shekarun baya ne, lokacin ina riƙe da makullin rijiyar burtsatse ta unguwarmu a Mabai, cikin ƙasar Ƙanƙara. Kafin nan faci da gyaran keke nake yi, ina bin kasuwanni daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, to da gwiwa ta fara kuka kamar tsohon ƙyaure sai aka ce in zauna in kula da ruwa, tunda dai kowa ya san surutu ne sana'ata ta gaskiya, bakin famfo kuwa ba a rasa abokin yi.

Wanda ya haɗa aikin rijiyar ɗana ne, ɗan farina. Kada ku jira in faɗi sunanshi, ba zan faɗa ba ko a takarda. Mu haka muka tashi muka iske, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonshi a gaban mutane. Tun yana jariri "yaron nan" nake ce mashi, har ya yi gemu ya yi aure yana "yaron nan". Allah ya taimake ni ya koyi aikin sola da na kwamfuta mutanen gari suka laƙa mashi Injiniya, ni ma na samu inuwar fakewa.

Dalilin da ya sa kwamfuta ta shigo harkar ruwa shi ne, injin cikin rijiya ya ƙone har an gaji da gyara, don kowa ya zo sai ya kunna, da rana da babu rana, da ruwa a ƙasa da babu. Sai Injiniya ya samo wani ɗan akwati, ya haɗa mashi allo da faifan maɓallai, ya kafa a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin tanki, ya ce daga yau inji ba ya tashi sai an shiga ta nan. Allon nan baƙi ƙirin ne, ba hoto ba ado, sai wani ɗan farin ɗigo a kusurwa yana ƙyafta ido. In rana ta ɗaga ta bugi faifan sola sai ya farka da kanshi, ya rubuto tambaya. Da Turanci take da farko, sai yaron ya mayar da ita Hausa saboda ni. Tambayar farko: "Wane ne?" In ka ba da amsa sai ya sauko layi na biyu ya ce: "Kalmar sirri." In duka biyun sun yi daidai sai ka ji inji ya yi gurnani, ruwa ya fara hawa tanki.

Ranar da zai koya mani, ya rubuta wasu haruffa a bango da gawayi ya ce, "Baba, in ta ce wane ne, wannan za ka danna." Na tsaya ina haɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsaba, kafin in kai ƙarshe sai na ga ashe sunanshi ne. Na ce, "Kai, ɗan nema! Ni za ka yi wa dabara?" Ya sunkuyar da kai yana danne dariya ya ce, "Ai ba da baki za ka faɗa ba, Baba. Yatsa ba ya da kunya." Na ce to ya sa nawa sunan mana, ya ce wai ya riga ya kafa, cirewa aiki ne. Ƙarya yake, na sani, gadon shaƙiyanci ne, kuma ba daga wurin uwarshi ya ɗauko ba.

Layi na biyu shi ya fi wahalar da ni. Ka danna harafi ba ka ga komai ba, ka danna wani shiru, ɗigon nan na nan inda yake yana kallonka. Rana ta farko da aka bar ni ni kaɗai na ce ai ta lalace, na yi ta dannawa da ƙarfi kamar mai faci, na sake, na kuma sakewa, ashe in ka kuskure sau uku sai ta ɗaure fuska ta daina tambaya na wani lokaci. Mata na layi da bokitai suna zagina a kaikaice, ni ina ciki ina roƙon akwati. Da Injiniya ya zo ya ce, "Baba, haka aka yi ta. Tana ji, nunawa ce ba ta yi, don kada na bayanka ya gani. Kamar Gwaggo ce, kana magana ta yi kamar ba ta ji ba, alhali ko tari ba ta bari ya wuce ta ba." Gwaggo yake ce wa uwarshi, matata Talatu, ita ma ba ta kiran sunanshi, shi ma ba ya ce mata Inna.

Sai kuma wata wautar. Ni duk abin da na koya a duniya da baki na koye shi, tun daga allo, to in ina danna kalmar sirrin nan sai in riƙa rera haruffan da ƙarfi ban sani ba. Ba a yi sati ba wata safiya na fara, sai na ji matan layi sun amshe sun ida mani sauran, har da guɗa. Dole yaron ya sake wata kalmar, ya kafa mani doka: kafin in taɓa maɓalli sai na jefa goro a baki. Daga ranar, mu biyu kaɗai muka san ta a duniya, ni da shi, kuma ku ma ba za ku ji ta ba.

Haka muke har damina ta yi nisa a shekarar da aka katse layin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. Wanda ya zauna nan lokacin ya san yadda aka yi, waya ta zama fitila kawai, in kana son jin lafiyar ɗan'uwanka sai dai ka taka ko ka aika. A cikin wannan hali aka aiko daga wajen Damari, can ƙasar Sabuwa, cewa solar wani ɗakin shan magani ta mutu, alluran da ke firji za su lalace. Na ce wa Talatu ta ce mashi kada ya je, don ni ba na iya faɗa mashi kai tsaye. Ta faɗa, ya ce kwana ɗaya ne. Ya ratsa ta Faskari ya gaida surukinshi, ya hau motar Sabuwa, a wani kwari mai duhuwar itace aka tare su, aka kora su daji.

Bayan 'yan kwanaki wani daga cikin fasinjojin ya kuɓuto, ya zo har gida ya zauna a zaure ya ce shi dai abin da ya gani zai faɗa: an yi harbi lokacin da ake kora su, ya ga mai jakar kayan aiki ya faɗi cikin ciyawa, bai ga tashinshi ba. Ba waya balle a kira a nemi wani abu, ba gawa balle a rufe. Matarshi Hadiza ta shiga ɗaki ta daina cin abinci, Talatu ta zama kamar gunki, ni kuwa da ake cewa bakina ba ya rufuwa ko a jana'iza, sai ga shi an wayi gari ba ni da ta cewa. Amma ruwa ba ya jiran makoki, dabbobi na kuka, dole da hantsi na ɗauki makulli na nufi famfo.

Na buɗe kwaɗo na shiga, na zauna bisa ɗan bencin, allo ya riga ya farka, "Wane ne?" na nan tana jira. Na sa hannu aljihu ina laluben goro, zuciyata na cewa yau da wane yatsa zan danna sunan nan. Hannuna na cikin aljihu, ku riƙe wannan, ɗayan kuma na bisa gwiwata. Sai na ga harafin farko ya fito da kanshi. Na ce idona ne. Sai na biyu. Ya ɗan tsaya, kamar mai numfashi, sai na uku, a hankali a hankali har sunan ya cika, sannan ɗigon ya sauko layin kalmar sirri ya tsaya yana ƙyaftawa. Maɓallan nan ko motsi ba su yi ba. Kai! Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ciki, wata tsohuwa a layi tana cewa, "Malam, kunama ce?" Na ce mata e, kunama ce, babba.

Na daɗe tsaye a rana ina karanto duk abin da na iya, wanda ba shi da yawa. Daga baya na ce to, in mutum ya yi sallama an ce wane ne ya faɗi sunanshi, mi ya rage? Sai a buɗe mashi. Na koma, na jefa goro, na danna kalmar sirri, inji ya yi gurnani, ruwa ya hau. Ban faɗa wa kowa ba ranar, don na san sunan da na riga na yi a gari.

Washegari haka, jibi haka. Kullum da hantsi, da na zauna, sai sunan ya fara fitowa, ya sauko layi na biyu ya jira ni. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne ba iri ɗaya yake zuwa ba. Wata rana da ɗan sauri, wata rana sai ya yi harafi biyu ya tsaya har in fidda rai sannan ya ci gaba, wata rana ma ya sa harafin da ba shi ba, ya goge, ya gyara. Na yi shekaru ina gyaran ƙarfe, na san ƙarfe in ya lalace hanya ɗaya yake lalacewa kullum, ba ya kuskure ya dawo ya gyara. Wannan hannun mutum ne, kuma mutumin a gajiye yake.

Na shiga Ƙanƙara ranar da aka samu mota, na sami wani mai gyaran waya da suke mutunci da Injiniya, na kewaya na kewaya sannan na tambaye shi. Bai yi mani dariya ba, Allah ya saka mashi. Ya ce wani lokaci na'ura na riƙe abin da aka saba rubutawa, ko kuma datti ya shiga ƙarƙashin maɓallai, ko wani ya shigo daga nesa ta layi, sai dai ya ce wannan na ƙarshen ba zai yiwu ba tunda layin ma babu, kuma akwatin bai taɓa haɗuwa da layi ba. Ya ce in zare igiyar faifan maɓallan in gani. Da safe na zare ta, na naɗe, na riƙe a hannuna kamar wutsiyar ɓera. Sunan ya fito. Sai da na mayar da igiyar sannan na iya ba da tawa amsar.

Washegari na kira Talatu. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi, ba ta iya karatu ba amma ta san siffar sunan don ta sha ganinshi a bango, ta kalli haruffan suna fitowa har suka ida, ta juya ta tafi gida ta dama fura ta kai wa Hadiza ta ce ta sha, mijinta na nan. Hadiza ta sha.

To ana nan sai ga surukin, Alhaji Mamman uban Hadiza, ya taso daga Faskari da rakiyar 'yan sintiri. Mutumin kirki ne, mai hatsi, tun muna samari muke tsokanar juna, shi yana ce mani Sarkin Faci ni ina ce mashi Tumbin Masara. Amma ranar ba wasa ya kawo shi ba. Muka zauna a zaure da liman, ya ce shi ba ya son yarinya ta zauna a rataye, ba matar aure ba ba mai takaba ba, tunda akwai wanda ya ga faɗuwar yaron, a yi mashi sallar gawa daga nesa, a yi sadaka, ta fara takaba, in ta gama ya ɗauke ta ta koma gabanshi. Liman ya ce shi ba zai tsaya gaban sahu ba sai uban yaro ya yarda. Duka suka juyo suna kallona.

Na ce ban yarda ba. Alhaji ya ce, "Saboda mi?" Na ce saboda yaron na yin sallama kullum da hantsi. Ya kalli liman, liman ya kalli tabarma. Alhaji ya ce, "Sarkin Faci, ka ji tsoron Allah. Baƙin ciki ba hauka ba ne. Akwatin da ka taɓa gaisarwa shi ne yanzu zai yi mamu fatawa?" Na ce, "Tumbin Masara, kwana nan, gobe ka zo ka gani, in ƙarya nake ka ɗauki ɗiyarka har da akuyar da muka ba ta."

Ya kwana. Da hantsi muka shiga mu uku, ni da shi da liman, ɗakin ko mutum biyu bai isa ba balle da tumbin Alhaji, na ce kowa ya ga hannuwana, na ɗaga su sama kamar wanda aka tare a hanya. Sunan ya fara fitowa. Ranar ma a wahale ya zo, da tsayawa da gogewa. Alhaji ya ja da baya har ya buge kai da ƙofa yana a'uziyya, da muka fito ya share zufa ya ce, "Wannan ba yaron ba ne, mutanen ɓoye ne. Rijiya mai zurfi irin wannan ai ba ta rasa masu ita." Na ce ko su wane ne, ni dai ba zan bi sallar gawar wanda ake faɗin sunanshi a ƙofata kowace safiya ba. Liman ya ce shi bai san mi ya gani ba, kuma abin da bai sani ba ba ya yanke hukunci a kai, amma jira ba ya ɓata komai. Aka tsaya a kan za a jira har a kai amfanin gona gida. In an ida kaka ba labari, zan sa hannuna a cikin na Alhaji in yi shiru.

Daga nan gari ya rabu, wasu na cewa tsoho ya zautu, wasu na aiko yara su leƙa ta taga, wasu matan ma suka koma ɗiban ruwa a rafi. Ni dai kullum ina nan da goro a baki. Kuma ba zan ɓoye maku ba, zaman nan na hantsi shi ne ya riƙe ni. Shekara da shekaru ban taɓa zama da yaron nan mun yi hira ta minti biyar ba saboda kunya, sai ga shi kullum muna haɗuwa, shi ya faɗi rabi ni in faɗi rabi, ruwa ya zubo.

Wajen lokacin da gero ya fara fidda kai sai hannun ya sake. Tsayawar nan ta ɓace, gogewar ta ɓace, sunan ya riƙa zubowa sumul cikin ƙiftawar ido, kullum iri ɗaya, har wani lokaci kafin in ida zama ya riga ya sauko layi na biyu yana jira. Na yi murna, na je na ce wa Talatu yaron ya samu sauƙi, da alama sun fara ba shi abinci. Ta dube ni ta ce Allah ya sa. Aka yanke gero, aka karya masara, dawa ta rage a gona, Alhaji Mamman ya aiko da gaisuwa wadda na san ma'anarta.

Ana cikin yankan dawa, wata la'asar, sai ga mai babur ya tsaya a ƙofar gida da wani abu a bayanshi kamar tsumma a bisa kara. Yaron ne. Ya rame har sai da Hadiza ta kalle shi sau biyu, ƙafafu duk sun fashe, ga tabon harsashi a cinya. Ashe faɗuwar da aka gani gaskiya ce, sai dai bai mutu ba, ɓarayin suka ja shi, da suka gane yana gyaran sola da waya sai suka ƙi rabuwa da shi, suka yi ta yawo da shi daga sansani zuwa sansani, har ranar da aka yi wata hatsaniya ya sulale ya faɗo wani ƙauye a ƙasar Sabuwa. Gida ya kaure da kuka da guɗa. Ni kuwa ina zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, na ce, "An dawo?" Ya ce, "An dawo, Baba." Na ce madalla, na tashi na zaga bayan rumbu na yi abin da ban yi ba tun rasuwar uwata.

Sai da ya kwana biyu ya ɗan yi ƙarfi sannan na kasa haƙuri, na aje kunya gefe na zauna kusa da shi na ba shi labarin famfo tun daga farko. Yana ji yana kallona, can sai ya ce, a kwanakin farko, suna ɗaure ƙarƙashin wata bishiya ciwon na cin shi, in hantsi ya yi sai ya tuna yanzu Baba na zaune gaban allo yana fama, sai ya riƙa danna sunanshi da yatsa bisa gwiwarshi, harafi harafi, don kada hankalinshi ya gushe, in ya kai ƙarshe sai ya tsaya ya ce saura na Baba. Na miƙe tsaye da gwiwar nan tawa mai kuka na ce a kira mani Tumbin Masara ya zo ya ji, mutanen ɓoye ko!

Sai yaron ya ce, "Amma Baba, ka ce har yaushe?" Na ce har yau da safe mana. Ya ce shi bai daɗe yana yi ba. Tun gero bai fidda kai ba zazzaɓi ya kwantar da shi, ya yi kwanaki bai san inda yake ba, da ya farfaɗo kuma suka sa shi aiki, safiya ba tashi ba ce, bai sake yi ba ko sau ɗaya, ya ma manta. Na ce ko ya koya wa wani a can? Ya ce wa zai koya wa, kowa ta kanshi yake. Na ce to kwana biyun nan da kake kwance a ɗaki fa? Ya ce barci yake.

Da hantsi muka tafi tare, yana dogara sanda. Na buɗe kwaɗo, ya zauna bisa bencin ni ina tsaye bayanshi, ya aza hannuwanshi biyu bisa sandar inda nake ganinsu. Allo ya farka ya ce, "Wane ne?" Wallahi ina fatan a ce yau shiru, a yi mani dariya a ce tsoho ya zautu, na yarda. Sai sunan ya zubo, sumul, ɗigon ya sauko layi na biyu ya tsaya yana ƙyafta mamu ido. Ga mai sunan zaune. Hannuna ya tafi aljihu wajen goro da kanshi, don sabo, sai yaron ya riƙe mani hannu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya ce, "Baba, bari."

Muka zuba wa allon ido, shi ma kamar yana kallonmu. Bai gaji ba, bai goge ba, yana nan yana jira. Can yaron ya miƙa hannu ya zare wayar wuta, allon ya mutu. Ranar bai koma gida ba sai da ya kwance akwatin, ya haɗa inji da makunni irin na kowa, ya sa mashi ƙaramin kwaɗo. Ya buɗe cikin akwatin a gida ya bincika iya saninshi ya ce bai ga komai ba, lafiyarshi lau. Na ce a ƙona, ya ce a'a, ya naɗe shi a buhu ya kai wani wuri, ban tambaya ba, bai faɗa ba. Hadiza na ɗakinta, yanzu har da 'ya'ya, Alhaji Mamman kuwa in mun haɗu kowa na cewa shi ne ya yi gaskiya, kuma abin haushin shi ne ban iya ƙaryata shi ba.

Ni dai abin da zan ce maku, ku da kuke yini kuna danna sunayenku a waya da kwamfuta, in na'ura ta tambaye ku wane ne, ku tabbata ku ne kuka amsa. In kuwa kuka iske an riga an amsa, kada son zuciya ya sa ku ida sauran, ko da sunan wanda kuka fi so a duniya ne, ku yi bisimilla ku tashi ku nemi wanda ya fi ku sani. Ban ce na yi nadama ba, don ba don sallamar nan ba da an yi wa yaro sallar gawa yana raye, da matarshi ta yi takabar mai rai. Amma wannan lissafin na hannun farko ne. Na bayan ban san inda zan aje shi ba.

Ranar da aka kwance akwatin, da yamma ina zaune tsakar gida ina ta bayani, ina cewa ai ko ma mi ne ne ya wuce tunda an cire, Talatu na tankaɗe ba ta ɗago ba. Sai da na gaji na yi shiru don kaina, sannan ta buga rariya a gefen ƙwarya ta ce, "Malam, kai da ka yi wata da watanni kana buɗe mashi yana shiga, ka taɓa ganin fitarshi?"